Fom ɗin da ke cikin modal ya ƙi tafiya, ga rajista ranar Asabar

Abu_Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a agaza mini, kwana biyu ke nan ina fama. Wata Islamiyya ce a unguwarmu ta ba ni aikin shafin rajistar sababbin ɗalibai. Da yaren PHP na yi, sai Bootstrap 4 don fasalin shafin da jQuery, laburaren JavaScript. In ka shiga akwai maɓallin "Yi rajista", kana dannawa sai ƙaramar taga ta taso a tsakiyar allo, wato modal, fom ɗin yana cikinta: sunan yaro, ranar haihuwa, aji, lambar wayar uba da hoto. Tagar tana buɗewa lafiya lau. Amma da farko in ka cike ka danna Aika, shiru, malam ya ci shirwa. Sai na ɗan taɓa maɓallin, yanzu tagar tana rufewa kamar saƙo ya tafi, amma in na leƙa rumbun bayanai ba ko layi ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na ciro fom ɗin na sa shi a shafi shi kaɗai, yana tafiya sumul. Yau Laraba, ranar Asabar iyaye za su fara.

Dan_Kurmi: Wa alaikumus salam. Share kash ɗin burauzarka, wato tsofaffin fayilolin da ta ajiye, ka sake gwadawa.

MalamKod: Dan_Kurmi, kai dai kowace cuta maganinka ɗaya ne. Abu_Hanifa, ba za mu yi duba ba. Manno mana ɓangaren modal ɗin, musamman inda ka buɗe `form` da inda ka rufe shi, da layin maɓallin nan da ka ce ka "ɗan taɓa".

Abu_Hanifa: Ga shi Malam, na taƙaita:

```
<div class="modal-body">
  <form id="rajista" method="post" action="ajiye.php"> ... </form>
</div>
<div class="modal-footer">
  <button type="submit" name="aika" data-dismiss="modal">Aika</button>
</div>
```

MalamKod: To ai ga ɓarawon a fili. Dubi inda ka rufe fom ɗinka: a cikin `modal-body`. Maɓallin kuma yana can ƙasa a `modal-footer`, bayan an riga an rufe. A ido kana ganinsu cikin akwati ɗaya, amma a wajen burauza maɓallin nan maraya ne, bai san wani fom ba. Shi ya sa da farko ka ji shiru, kuma ba za ta nuna maka kuskure ba, don a wajenta ba laifi ba ne mutum ya ajiye maɓallin da ba ya aikin komai.

Na biyu shi ne abin da ka ƙara da hannunka. `data-dismiss="modal"` aikinsa rufe taga ne kawai. A Bootstrap 4 ma ya wuce nan, don in ya zo rufewa yana soke abin da dannawar za ta yi. Ke nan ko da maɓallin yana cikin fom, da wannan a jikinsa ba zai aika ba. Ka ɓoye ciwon ne kawai. Cire shi, ka bar shi a maɓallin Fasa. Sannan ka buɗe `form` kafin `modal-body`, ka rufe shi bayan `modal-footer`.

Yar_Zazzau: Ƙari a kan bayanin Malam. In ba ka son rushe tsarin da ka yi, bar fom ɗin inda yake, ka sa wa maɓallin `form="rajista"`. HTML5 ya zo da wannan, maɓalli yana iya zama ko'ina a shafin matuƙar ya ambaci `id` ɗin fom ɗinsa. Sharaɗi ɗaya: kada a samu wani abu dabam mai wannan `id` ɗin a shafin.

Sadiq_JS: Duk wannan dogon zance ne. Sa `onclick` a maɓallin ya kira `$('#rajista').submit()`, an wuce wajen.

Yar_Zazzau: Zai tafi kam, Sadiq, amma ka san abin da ka zubar a hanya? Duk filin da ya sa wa `required` burauza ba za ta duba shi ba in an aika ta wannan hanyar. Uba zai bar sunan yaro a fanko ya danna, fom ya tafi. In dole sai da JavaScript, akwai `requestSubmit()`, shi yana bi ta kan tantancewar kamar an danna maɓallin gaske. Sai dai Safari bai karɓe shi ba sai a siga ta 16, a 2022, don haka tsohuwar iPhone da ba a sabunta ba za ta iya ba ka kunya.

Sadiq_JS: Na sallama, Malama.

Baffa_PHP: Wannan `submit()` ɗin ya taɓa cinye mini dare guda cur. Na sa wa maɓallina `name="submit"`, kamar yadda kusan duk darasin PHP na da yake koyarwa. Ina kiran `form.submit()` sai a ce mini wai ba aiki ba ne. Ashe duk filin da ka raɗa wa suna, fom yana ɗaukar sunan ya zama nasa, sai maɓallin ya danne aikin asali. Har na fara zargin laftof ɗin. Da asuba na canza sunan zuwa `tura`, shi ke nan. Abu_Hanifa ka yi sa'a da ka sa `aika`, Hausa ta cece ka.

Abu_Hanifa: Allah ya saka da alheri. Na bi hanyar Malam, na cire `data-dismiss`, yanzu yana tafiya, layi yana shiga rumbu. Amma wurin aji fanko yake zuwa, haka ma lambar waya. Suna da ranar haihuwa ne kawai suke shiga.

MalamKod: Kafin kowa ya faɗa maka amsa, bari in koya maka kama kifin. A Chrome danna F12, shiga Network, ka cike fom ɗin ka aika. Za ka ga `ajiye.php` ya fito a jerin. In shafin yana sabuntawa jerin ya goge, yi wa Preserve log alama. Danna shi ka duba Payload. Abin da ka gani nan shi ne abin da ya bar kwamfutarka, ba abin da kake zato ba. In aji ba ya ciki, laifin HTML ɗinka ne, kada ka taɓa PHP. In yana ciki amma bai shiga rumbu ba, sannan ka koma PHP. Je ka duba ka dawo.

Abu_Hanifa: Babu su a ciki tun daga nan. Na gano na wayar, `id` kawai na sa masa, na manta `name`. Na ajin kuma yana da `name`. Abin da na yi masa dai shi ne, shugaban makarantar ya ce kada iyaye su zaɓi aji da kansu, don kowa zai kai ɗansa aji na gaba. Sai na sa shafin ya zaɓa daga shekarun yaro, na kulle filin da `disabled`.

Yar_Zazzau: Shi ne. Duk filin da aka yi wa `disabled` ba a tafiya da shi. `readonly` ana tafiya da shi, amma ba ya aiki a kan `select`. Kana iya sa ɓoyayyen fili ya ɗauki ajin. Ni dai da ni ce, ba zan karɓi aji daga fom ba sam. Tunda daga ranar haihuwa ake lissafa shi, PHP ya lissafa da kansa. Abin da ya fito daga burauza kowa yana iya canza shi da F12 ɗin nan da Malam ya nuna maka.

Dan_Kurmi: Wane uban yaro ne a Islamiyya zai buɗe F12 😂

Yar_Zazzau: Ba uban ba, yayan yaron da yake karatun kwamfuta a kwaleji.

Injiniya_Bello: Ni tambayata dabam ce, kuma ku yi haƙuri in na karkatar da zancen. Me ya kai fom mai fili biyar har da hoto cikin modal tun farko? Iyayen nan da waya za su cike, ba da laftof ba. Allon waya ɗan ƙarami, taga ta taso, madannin rubutu ya taso daga ƙasa ya cinye rabi, maɓallin Aika ya ɓuya. Mutum yana ƙoƙarin jan shafin sama yatsansa ya taɓa gefen tagar, ta rufe, duk abin da ya rubuta ya tafi. Modal na tambayar "ka tabbata za ka goge?" ne, ko shigar da lamba ɗaya. Rajista shafinta ake ba ta. Kai da bakinka ka ce a shafi shi kaɗai yana tafiya sumul. To me kake nema kuma?

Hajiya_Dev: Injiniya na yarda da kai kashi tara cikin goma, amma gyara ɗaya. In modal ɗin Bootstrap ya rufe, abin da aka rubuta ba ya gogewa. Ɓoye shi kawai ake yi, in an sake buɗewa yana nan, sai dai in mai shafin ne ya sa a share. Matsalar ita ce mai cikewa bai san haka ba, yana ganin ta rufe zai ce ta lalace ya fita. Kuma ana hana rufewar da `data-backdrop="static"`.

Injiniya_Bello: Na karɓi gyara, Hajiya. Amma maganata tana nan.

Abu_Hanifa: Wallahi Injiniya ba ra'ayina ba ne. Shugaban ne ya ga irinsa a shafin wata makaranta ya ce shi ma haka yake so, "wanda yake fitowa ɗin nan". Yanzu ma ya ƙara da cewa ba ya son shafin ya juya bayan an aika, yana son saƙon "An karɓa" ya fito a cikin tagar.

Sani_Maradi: Salamu alaikum daga Maraɗi. Ina bin zancen tun ɗazu. Abin da Injiniya ya faɗa ina da shaida a kansa. Nan wajenmu in ka fita gari kaɗan rezo, wato sabis, rauni gare shi, kuma mutane da yawa Opera Mini suke buɗe shafi da ita don tattalin data. Ita kuwa in tana yanayin matse data sosai, ba a wayar ake sarrafa shafin ba, a sabar Opera ake yi, sannan a turo wa waya abin da aka matse. JavaScript yana aiki amma a taƙaice, kuma irin waɗannan tagogi su ne farkon abin da ke shan wahala. Na yi wa wata ƙungiyar manoma fom, ni a biro, wato ofis, komai lafiya, mutanen ƙauye suna ta kira wai maɓalli ba ya buɗe komai.

Dabarar da na koma yi: maɓallin "Yi rajista" in yi shi mahaɗi na gaske zuwa shafin fom mai zaman kansa. In JavaScript ya loda, ya tare dannawar ya buɗe modal. In bai loda ba, mutum ya wuce shafin kai tsaye. Shugaba ya samu abin da yake so, mai ƙaramar waya ma bai rasa ba.

MalamKod: Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace tsada a zauren nan yau. Abu_Hanifa rubuta ta.

Ummu_Aisha22: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda kusan iri ɗaya ce. Ni Laravel nake koyo, wani tsarin gina shafi da PHP. Fom ɗina na cikin modal in na aika sai shafi ya fito da 419, wai shafin ya ƙare. Sauran fom ɗin da ba na modal ba lafiya suke.

Baffa_PHP: Ƙanwata duba cikin fom ɗin modal ɗin, akwai `@csrf`, alamar tsaron da Laravel yake nema a fom? Ina kyautata zaton kin kwafo modal ɗin daga shafin Bootstrap kin manta ba ki sa ba. 419 a Laravel kusan kullum wannan alamar tsaron ce, ko babu ita ko ta tsufa. In da AJAX kike aikawa, wato ba tare da shafin ya juya ba, sai kin tura ta a `X-CSRF-TOKEN`. In kuma akwai ta amma yana faruwa jefi-jefi, to zaman mai amfani ne yake ƙarewa, asalin saitinsa minti 120 ne. Mutum ya buɗe shafi da safe, ya dawo bayan azahar ya cike, dole ya ga 419.

Ummu_Aisha22: Babu shi wallahi 🙈 Na sa, ya tafi. Na gode Baffa.

Abu_Hanifa: Na dawo. Na mayar da shi AJAX saboda buƙatar shugaba. Ga sabuwa: da `serialize()` na tattara fom ɗin, Network yana nuna 200, wato lafiya, amma ba abin da yake shiga rumbu. Ko suna ma yanzu ba ya shiga. Na koma baya ke nan.

Hajiya_Dev: Nuna mana layin farko na `ajiye.php`. Ina da zato.

Abu_Hanifa: `if (isset($_POST['aika'])) {`

Hajiya_Dev: Zatona ya tabbata. Lokacin da burauza take aikawa da kanta, tana haɗawa da sunan maɓallin da aka danna, shi ya sa `aika` yake zuwa. `serialize()` ba ya ɗaukar maɓalli. Don haka PHP yana dubawa bai ga `aika` ba, ya tsallake komai, ya dawo maka da shafi fanko da lambar 200. Ita 200 ba ta ce an ajiye ba, cewa ta yi sabar ta amsa. Canza sharaɗin ya zama `$_SERVER['REQUEST_METHOD'] === 'POST'`.

Sannan tun kafin ka dawo da kuka na gaba: `serialize()` ba ya ɗaukar fayil, hoton ba zai je ba. Yi amfani da `new FormData(this)`, kuma a `$.ajax` ka sa `processData: false` da `contentType: false`. In ka bar su jQuery zai yi ƙoƙarin mayar da hoton rubutu. Shi ma `FormData` ɗin a haka ba ya ɗaukar maɓalli, don haka gyaran farko yana nan daram. Na shafi mai zaman kansa da Sani ya ce ka yi kuma, kada ka manta `enctype="multipart/form-data"`.

Zongo_Coder: Gaisuwa daga Kumasi. Ni ban gane dalilin da har yanzu ake wahala da jQuery da Bootstrap 4 ba. Bootstrap 5 ya fito tun 2021, ya yar da jQuery. Kuma HTML kansa yanzu yana da `dialog`, Firefox da Safari sun karɓe shi tun Maris 2022, Chrome kuwa tun da daɗewa. `showModal()` kawai, ba ka buƙatar laburaren kowa.

MalamKod: Gaskiya ne, amma mutumin da rajistarsa take jibi ba a ce masa ya sauya harsashi. Kuma duk matsalolin da ya kawo, in ka cire na `data-dismiss`, ba wanda `dialog` zai hana: maɓalli a wajen fom, rashin `name`, `disabled`, duk suna nan. Shi ma yana da nasa tarkon. Misalan da ake kwafowa da yawa suna da `method="dialog"`, wanda aikinsa rufe tagar ba tare da aika komai zuwa sabar ba. Daidai ciwon da muka fara da shi, da sabuwar riga. Wanda ya koma Bootstrap 5 kuma ya tuna sunayen sun canza, `data-dismiss` ya zama `data-bs-dismiss`, `data-toggle` ya zama `data-bs-toggle`. In ka haɗa kod ɗin 4 da fayil ɗin 5 tagar ma ba za ta buɗe ba.

Zongo_Coder: Ban ce ya canza yau ba, Malam. Bayan rajista.

Abu_Hanifa: Alhamdu lillahi, Hajiya Allah ya ƙara basira, a laftof komai yana shiga har hoto. Na tura wa malamai uku su gwada da wayoyinsu. Sakamako: na farko ya shiga amma ba hoto. Na biyu bai shiga ba sam. Na uku kuma ɗansa ya shiga sau uku.

Dan_Kurmi: Na uku ya rama wa na biyu ke nan, har da riba.

Baffa_PHP: Na farko da na biyu ciwonsu ɗaya, girman hoto. Kai da wane hoto kake gwadawa a laftof? Na tabbata wani ɗan ƙarami ne da ka sauke. Su kuwa kyamarar waya suka ɗauka da ita kai tsaye, hoto ɗaya yana iya kai megabayit huɗu ko fiye. PHP a asalin saitinsa `upload_max_filesize` megabayit 2 ne, `post_max_size` kuma 8. In hoto ya wuce 2 amma duka saƙon bai kai 8 ba, rubutun zai shiga, hoton ya faɗi, kuma in ka duba `$_FILES` za ka ga `error` ɗinsa 1 ne. Malami na farko ke nan. In kuma duka ya wuce 8, PHP yana zubar da komai, `$_POST` da `$_FILES` su zo fanko kamar ba a aiko da komai ba. Ina zargin na biyu ke nan. In sabar ɗinka Nginx ce akwai wani shingen kafin ma a kai ga PHP, `client_max_body_size`, asalinsa megabayit 1, shi kuma 413 yake dawowa da ita.

Kana iya ɗaga iyakar a cPanel. Amma ka tuna datar iyayen nan ce za ta tafi, kuma ga mai rauniyar sabis loda megabayit shida ba wasa ba ne. Hoton fasfo ne fa ake so. Rage shi a wayar da `canvas` kafin a aika, faɗin 600 ya isa har ya yi yawa.

Yar_Zazzau: Na uku kuma, tambaya: a ina ka rubuta `$('#rajista').on('submit', ...)`? Kada dai a cikin `shown.bs.modal`?

Abu_Hanifa: A ciki yake. Wani bidiyo na gani ya yi haka.

Yar_Zazzau: To duk buɗewar taga sai an ƙara ɗaura wani mai sauraro, wato kod ɗin da ke jiran a danna Aika, a kan na baya. Malamin ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya buɗe na uku ya cike, sai masu sauraro uku suka aika, kowa nasa. Kai ba ka gani ba saboda kullum sabunta shafin kake yi ka buɗe sau ɗaya. Fito da shi waje a ɗaura sau ɗaya tak. Masu yin haka yawanci don fom ɗinsu daga baya ake lodo shi cikin tagar ne, lokacin da kod ɗin ya gudu babu shi a shafin. Maganin wannan shi ne `$(document).on('submit', '#rajista', ...)`, ba ɗaurawa a kowace buɗewa ba. Naka ma tun farko yana shafin, ba ka da wannan uzurin.

Injiniya_Bello: Ko ya gyara wannan, sau biyu zai ci gaba da shigowa. Mutum ya danna Aika, sabis yana jan ƙafa, bai ga komai ya motsa ba, zai sake dannawa, ni ma haka nake yi. Na taɓa yi wa wani mai sayar da kayan masarufi shafin oda, wata baiwar Allah ta yi odar buhun shinkafa ɗaya, yaron shago ya ɗora uku a Keke ya kai mata. Ni aka kira ana faɗa. Tun ranar, ana dannawa nake kulle maɓallin in mayar da rubutunsa "Ana aikawa...", in amsa ta dawo, ko ta alheri ko ta kuskure, in buɗe shi. Kada ka manta ɓangaren kuskuren, in ba haka ba sabis yana yankewa maɓallin zai mutu a kulle.

Sadiq_JS: Ka sa lambar waya ta zama `UNIQUE` a rumbu kawai, ba mai shiga sau biyu.

Hajiya_Dev: Sadiq, Islamiyya ce fa. Uba ɗaya zai kawo yara shida da lamba ɗaya.

Sadiq_JS: To lambar waya haɗe da ranar haihuwa.

Hajiya_Dev: Hassan da Usaini fa?

Dan_Kurmi: 😂😂 Sadiq yau ba ranarka ba ce.

Baffa_PHP: Haɗa uku: waya, ranar haihuwa da sunan yaro. Ba cikakke ba ne, don wani zai rubuta Muhammad yau gobe ya rubuta Muhammadu, amma yana tare danna-sau-biyu, wanda shi ne damuwarmu. Sauran malamai su tace da ido.

Abu_Hanifa: Jama'a barkanmu da Juma'a. Jiya har ƙarfe ɗaya ina kai. An rage hoto, an fito da mai sauraro waje, maɓalli yana kullewa, na yi shafi na daban kamar yadda Malam Sani ya ce. Malaman nan uku duk sun shiga sau ɗai-ɗai da hotunansu. Sai da safen nan shugaba ya gwada da kansa, ya kira ni wai ya danna Aika ba abin da ya faru. Na koma shirun ranar farko. Na karɓi bayanan da ya sa na gwada a laftof, ni ma shiru. A Console na ga jan rubutu: "An invalid form control with name='tsohuwar_makaranta' is not focusable."

MalamKod: Wannan filin ba ya cikin waɗanda ka lissafa mana ranar Laraba.

Abu_Hanifa: Jiya aka ce in ƙara. Tambaya ce, yaro sabon shiga ne ko daga wata makaranta ya dawo. In an zaɓi dawowa sai filin sunan tsohuwar makarantar ya bayyana.

MalamKod: Kuma ka sa masa `required`, ka ɓoye shi da `hide()`. Shugaba ya zaɓi sabon shiga, filin yana ɓoye kuma fanko. Burauza ta ce dole a cike, ta nemi ta kai mutum wurin ta nuna masa, ta tarar ba a ganin filin, sai ta tsaya cak ba ta gaya wa kowa ba sai Console. Kai da malaman kuna ta zaɓar dawowa don ku ga sabon filin yana aiki, shi ya sa ba ku ci karo da shi ba. Duk lokacin da ka ɓoye shi ka yi masa `disabled`, in ka bayyana shi ka cire. Ka ga `disabled` ɗin da ya cuce ka shekaranjiya yau shi ne maganinka, don filin da aka kulle ba a tantance shi, ba a kuma aika shi.

Injiniya_Bello: Fili bakwai ke nan yanzu a cikin taga. Zuwa Asabar za su kai goma, ku rubuta ku ajiye.

Abu_Hanifa: Ya tafi Malam, shugaba ya shiga. Injiniya kamar kana wurin, yanzu ya ce a ƙara sunan unguwa da izu nawa yaro ya haddace. Saura abu ɗaya. Wata malama ta ce ita ta Facebook ta danna mahaɗin, tagar ta buɗe, ta cike, amma in ta taɓa wurin zaɓar hoto ba ya buɗe mata komai. A Chrome ɗin wayarta kuma yana yi.

Sani_Maradi: Burauzar cikin manhaja ce ta buɗe mata, ba Chrome ba. Gwada ba ta mahaɗin shafin nan mai zaman kansa ta nan cikin Facebook ɗin. In nan ma ya ƙi, ka san ba laifin modal ba ne. Wace waya ce, kuma Facebook ɗin babba ne ko Lite?

Yar_Zazzau: Kafin a gano, ka cire wa hoto `required`. Gara yaro ya shiga ba hoto a karɓa ranar da ya zo, da a ce uwa ta kasa rajista gaba ɗaya.

Dan_Kurmi: Ta share kash.

Abu_Hanifa: Ban tambaye ta irin wayar ba, Malam Sani. Ta ce za ta shigo makaranta bayan la'asar, zan karɓa in gani da idona. Na cire wa hoton `required` tukuna. Bari in je masallaci.